Birkin Gwaggo

Litinin, da yamma

Gwaggo ta daki katangar gidan mai niƙa yau da hantsi. Ba wanda ya mutu. Da wannan na fara domin da shi kowa yake fara min magana, kamar ana lallashin yaro.

Gwaggo ita ce tsohuwar jif ɗin Baba, mai ja da tayoyi huɗu, wadda ta riga ni zuwa gidanmu. Da ita yake kai matan kasuwa da kayansu ƙauyukan bayan tudu, ya dawo da su. Yau a gangaren ƙarshe, inda hanya take lanƙwasa wajen injin niƙa, ya ce ya taka birki, birki ya tafi ƙasa ya bar shi. Allah ya taimaka a giya ɗaya yake saukowa. Fitilar dama ta fashe, bamba ya lotsa, mai tumatir da ke zaune a bayansa ta fasa leɓe a jikin kujera.

Ni kuwa bakanike ne. Rumfata tana bakin titi, tsakanin mai walda da mai faci, da allo a samanta an rubuta ana gyaran birki. Kafin a jawo motar, labari ya riga ta isowa. Mai faci ya leƙo ya yi min jaje, sannan ya ɗaga kai ya tsaya karanta allon, shi da kullum yake cewa idonsa ba ya ganin rubutu. Da ma zagina ya yi na huta.

Baba bai ce laifina ne ba. Ya zagaya motar yana shafa inda ta lotsa, ya ce, "Injiniya, ga gwaggonka nan, ka duba ta." Da tsokana yake kirana Injiniya tun ranar da na fara riƙe sifana. Yau ban ji tsokanar ba.

Talata, wajen ƙarfe goma na safe

Na fara da abin da ake farawa da shi. Man birki yana nan cike a kofinsa. Na shiga ƙarƙashi na bi tayoyin ina shafa bayansu da yatsa ko zan ji danshi, a bushe suke. Na bi bututun ƙarfe daga gaba har baya, na lanƙwasa kowane tiyo ko akwai wanda ya tsage ko ya kumbura. Lafiya lau. Motar da ba ta zubar da mai amma birkinta yana nutsewa, cutar a ciki take.

Sai gwaji, kuma a nan gizo yake saƙar, domin ba wanda yake zama a kujerar direban Gwaggo sai Baba. Ba a taɓa kafa mana dokar da baki ba, haka muka taso muka gani. Ko wankin mota muke yi muna yara, daga waje muke miƙa hannu mu goge sitiyari. Don haka a durƙushe na yi gwajin, a bakin ƙofa. Na danna fedar birkin da tafin hannu na riƙe. Ta ɗan tsaya, sannan ta fara sulalewa a hankali har ta kwanta ƙasa.

Masta ce. Ita ce famfon da ke tura mai zuwa tayoyi, kuma in robobin cikinta suka cinye, sai man ya riƙa kewayewa ta bayansu maimakon ya je inda aka aike shi. Na ji daɗi da na gano, har na faɗa da ƙarfi yadda mai faci zai ji. Daga baya na ji kunyar daɗin da na ji. An ce mai tumatir ko ruwa da kyar take sha.

Laraba, bayan la'asar

Na sa sababbin robobi, na mayar da masta, saura fitar da iska.

Aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana kujera, ɗaya yana kwance wajen taya da sifana a kan ɗan notin da iska ke fita. Na ƙasa ya ce taka, na sama ya yi ta takawa. Ya ce riƙe, na sama ya danne ya amsa cewa ya riƙe. Sai na ƙasa ya kwance notin, mai da iska su feso, fedar ta faɗa ƙasa, kuma dole ƙafa ta bi ta, ta danne ta a can har a ɗaure notin. In ƙafar ta ɗaga kafin a ɗaure, iskar da aka kora sai ta koma ciki, har da 'yan rakiya. Na ƙasa ba ya ganin komai sai cikin taya. Maganar na sama kawai yake da ita.

Baba ne ya koya min haka a kan wannan motar, lokacin shi ne a ƙasa, ƙanensa yana leƙe, ni ina riƙe masa gwangwani. A'a, ƙarya nake. Ko a lokacin shi ne a kujera, ƙanensa ne a ƙasa.

Yau mun bi tayoyin duka, daga ta baya mai nisa har zuwa ta gaban direba. Ina cewa riƙe, yana cewa na riƙe, da muryar nan tasa ta mutumin da ake tambaya abin da ya fi kowa sani. Da muka gama na danna fedar da hannu. Ta daina sulalewa kamar jiya, amma ta yi laushi tuɓus kamar soso. Iska ce har yanzu. Na ce masa gobe za mu maimaita, ya ce ba komai, tsohuwa ce, sai da haƙuri.

Alhamis, da azahar

Mun maimaita. Soso.

Juma'a, da yamma

Na cire tayoyin baya na buɗe, wai ko lainin birkin ne ya yi nisa da ƙarfen da yake kamawa. Da ɗan nisa, na matso da shi. Na gaba kuwa ko rabi bai ci ba. Na sake bin bututun nan kamar mai neman allura, har na shafa sabulu a mahaɗai. Muka sake fitar da iska. Ba abin da ya canza sai galan ɗin mai da ya yi ƙasa.

Muna cikin haka mai tumatir ta zo, leɓenta a kumbure, mayafi ya rufe rabin fuskarta. Na ɗauka faɗa ta zo yi, har na shirya haƙurin da zan ba ta. Ashe tambaya ta zo yi, yaushe Gwaggo za ta tashi. Ta ce motar da suke bi yanzu ba ta hawa tudun in an yi ruwa, a ƙasa ake sauke su, su ɗauki kaya a ka. Ta ce su ba su yarda da hannun kowa a gangaren nan ba sai na Baba. Baba ya gyara zama a kujera, ya ce mata Injiniya yana kai, kwana kaɗan ya rage.

Ta juyo ta dube ni ta ce Allah ya ba da sa'a. Ina kwance a ƙasa, man birki yana ɗiga min a wuya, na amsa da amin ban ɗago ba.

Lahadi, da hantsi

Na je gaida su Inna. Baba yana tsakar gida yana wanke gilasan fitilar da ba ta fashe ba, ya ciro ta tun jiya don dai ya sami abin yi. Mutumin da bai saba zama ba, yanzu har kajin Inna yake yi wa faɗa.

Inna ta tambaye ni ko gyaran mai wuya ne. Na ce mata ba shi da wuya, wannan ne ma abin haushin. Ta mayar da kai kan shinkafar da take tsincewa. Can Baba ya tashi zai shiga ɗaki, silifas ɗinsa na dama ya zame ya tsaya a bakin rariya, shi kuwa ya wuce abinsa da ɗaya. Na yi dariya na ce Baba ya bar fasinja a tasha. Inna ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta ɗauko takalmin ta ajiye masa a ƙofar ɗaki, ta dawo ta ce min shayina yana hucewa.

Sukarinsa ya hau ne, in ji ta, amma ya ce ba zai koma asibiti a riƙa soka masa yatsa ba.

Litinin, bayan azahar

Na haƙura da robobi, na je wurin mai kayan gyara na ɗauko sabuwar masta sukutum. Na cika ta da mai a kan tebur kafin in ɗaura, na kori iskarta da hannuna har kumfa ta daina fita. Wannan kam ba wanda zai ce min ban yi daidai ba.

Muka bi tayoyi. Taka, riƙe, na riƙe. A tayar baya na ji wani ɗan ƙwas daga sama bayan na kwance noti, na ce a raina fedar ce ta tsufa take wasa a maƙalinta.

Soso.

Wani mai tasi da ya kawo motarsa tun safe ya tsaya yana kallonmu, sannan ya ce ya tuna yana da uzuri, zai dawo. Na ga inda ya nufa, garejin bayan tasha ne.

Talata, da yamma

Yau na yi abin da ban taɓa yi ba. Na je shagon mai kayan gyara, cike da mutane, na ce jabun masta ya sayar min. Na ce kwalin ne kawai sabo. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba, har da maganar ubansa, wanda ya rasu, wanda kuma ni ban taɓa ganin ya cuci kowa ba.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce in ciro ta in kawo, in jabu ce zai karɓa a gaban kowa. Ban ciro ba, domin can ƙasan raina na san lafiyarta ƙalau. Ni na gwada ta a kan tebur.

Na dawo rumfa na tarar Baba yana ba mai walda labarin wata shekara da ya sauko gangaren nan ba birki gaba ɗaya, da giya kawai da birkin hannu. Yana dariya. Na ji haushin dariyar, na ji haushin labarin, na ji haushin kaina da nake jin haushinsa.

Laraba, wajen la'asar

Na ɗaga wa Baba murya.

Mun sake ne, ban san karo na nawa ba. Rana ta yi zafi, bayana ya ƙage, man ya shiga min ido. Na kwance noti, na ga man da ya feso ya ja da baya ya koma ciki da ɗan tsotso. Ban san lokacin da na ce, "Baba, don Allah in an ce riƙe a riƙe mana!" ba. Da ƙarfi na faɗa. Injin walda ya tsaya. Mai faci ya daina buga taya.

Daga sama Baba ya ce, a hankali, "Na riƙe, Injiniya."

Ya sauko bayan nan, ya ce zai je ya yi alwala, bai dawo ba. Mutumin da yake tuƙi tun kafin a san za a haife ni, na koya masa taka birki a gaban maƙwabta. Na zauna a ƙarƙashin motar har suka rufe shagunansu, don kada mu haɗa ido da kowa.

Alhamis, da safe

Na je na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce bai ji na ce komai ba. Wannan ya fi mari zafi.

Asabar, bayan azahar

Baba ya tafi duba ƙanwarsa da ba ta da lafiya, sai gobe zai dawo. Na daɗe ina kallon kujerar nan. Sannan na kira mai walda na ce ya hau. Ya ce shi ba ruwansa, kujerar Baba ce. Na ce in an tambaya ni na sa shi. Ya kakkaɓe wandonsa sosai, ya shimfiɗa kwali a kan kujerar, ya zauna a ɗofane.

Tayar farko, kumfa ta fito da yawa, sannan mai zalla. Ta biyu haka. Ban ji ƙwas ɗin nan ba ko sau ɗaya. Kafin shayin da muka ajiye ya huce mun gama.

Mai walda ya taka ya ce, "Kai, wannan ai dutse ne."

Na danna da hannu. Fedar ta tsaya can sama, ko motsi. Na riƙe har hannuna ya gaji, ba ta sulale ba. Na tayar da injin daga bakin ƙofa na sake gwadawa, ta ɗan sauka yadda ya kamata ta tsaya cak.

Ya kamata in yi murna. Na tsaya riƙe da sifana ina duban fedar, mai walda yana dubana. Shi ma ya san aikin, ya san abin da ke mayar da iska ciki. Ya sauko, ya ɗauke kwalinsa, ya share kujerar da hannun rigarsa, ya ce shi bai hau motar kowa ba yau, kuma bai ga komai ba.

Na mayar da motar kan jak, na cire tayar baya ɗaya na jingine, don a ga kamar aiki bai ƙare ba.

Lahadi, da yamma

Masta ta lalace da gaske, wannan ban yi kuskure ba. Amma tun ranar da na gyara ta motar lafiyarta ƙalau. Ƙafar Baba ce. Tana zamewa daga kan feda bai sani ba, yana ce min na riƙe da zuciya ɗaya.

Na rubuta, na kuma zauna ina kallon abin da na rubuta.

Litinin, da hantsi

Ya zo da sassafe, ya hau kujera ya ce bari ya ji inda aka kwana. Ban shiga ƙasa ba, na tsaya a bakin ƙofa ina yi kamar ina goge sifana. Rabona da in kalli ƙafar Baba a kan feda tun ina yaro.

Ya ɗora ta a karkace, gefen takalmin ne kawai ya kama. Ya danna, ta goce, ya sake nemo fedar da dunduniya kamar mai laluben abu a duhu. Birkin da mai walda ya kira dutse, Baba ya taka shi ya girgiza kai ya ce har yanzu da sauranta, ba ya jin ta a ƙafarsa. Na ce eh, da saura.

Sai ya ce kada in ji haushi, amma ya yi magana da mai garejin bayan tasha, ranar Alhamis za a ja Gwaggo can. Ya ce ba raini ba ne, wani lokacin ido biyu ya fi ɗaya. Ya kuma yi wa matan alkawarin ranar Asabar zai ɗauke su.

Mai garejin ba zai ɓata lokaci ba. Zai taka, ya ji birki garau, ya mayar da taya, ya miƙa masa makulli. Ranar Asabar Baba zai sauko gangaren da mata cike a bayansa. Da ƙafar hagu ba zai yiwu ba, tana kan kuloci.

Talata, bayan la'asar

Na je shagon mai kayan gyara. Na jira sai da mutane suka taru kamar rannan, na ce mastarsa mai kyau ce, ni na yi masa ƙazafi, ya yafe min. Ya ce to mene ne matsalar motar? Na ce ban gano ba tukuna. Wani a bayana ya yi tsaki.

Daga nan na wuce wurin Inna, lokacin da na san Baba yana masallaci. Ban gama jera maganar ba ta ce ta sani. Ta ce kwanakin baya ya taka garwashi a bakin murhu bai ji ba, ita ta ga ƙunar da daddare tana shafa masa mai. Ta yi masa magana sau ɗaya, ya kwana biyu bai ci abincinta ba. Na ce to ta sake gwadawa. Ta ce ita a ɗaki ta ga ƙafar, ni kuwa a kan aiki na gan ta, kuma maganar aiki ce kaɗai yake ji.

Na so ta ce in bar maganar. Wallahi na so.

Laraba, da sassafe

Na roƙi Baba ya zo kafin a buɗe shaguna, na ce gwaji ɗaya ya rage. Titi ba kowa sai mai shara can nesa. Ya hau. Na durƙusa a bakin ƙofa, kaina daidai gwiwarsa.

Na ce ya taka, ya taka. Na ce ya riƙe. Ƙafar ta zauna a gefen fedar, ta fara gocewa kaɗan kaɗan, ta sauka a kan tabarmar roba. Fedar ta dawo sama da ƙwas ɗinta. Yana kallon gaba ta gilashi, hannayensa biyu a kan sitiyari.

Na ce, "Baba, ka riƙe?"

Ya ce, "Na riƙe."

Na ce, "Baba, ka dubi ƙasa."

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Ya ɗaga ƙafar da hannunsa ya ɗora a kan fedar, ya sake ta, ya zuba mata ido kamar ƙafar wani ce aka ba shi ajiya. Ni dai ƙasa nake kallo, ina ganin igiyar takalmin aikina da ta tsinke.

Ya tambaye ni ko birkin ya gyaru. Na ce tun ranar Asabar. Ya tambaya wa ya taka min, na faɗa masa. Na zaci a nan zai yi faɗa, har na so ya yi. Ya ce kawai, "Rannan a gangare, ban sani ba ko na taka ko ban taka ba."

Ya sauko ya tafi gida. Na bi shi a baya daga nesa har ya shiga lungu, bai waiwayo ba.

Alhamis, da azahar

Ba a zo jan motar ba. Inna ta aiko cewa yana ɗaki, ya ce kansa ke ciwo.

Juma'a, bayan la'asar

Ya aika a kira ni. Na same shi zaune a bakin gado, ƙafar a cikin roba da ruwan ɗumi, Inna ta fita ta ja ƙofa.

Ya ce ya ajiye tuƙi. Ya ce ranar Litinin in raka shi asibiti. Na fara godiya ga Allah, ya ɗaga min hannu, bai gama ba. Ya ce shi duk garin nan da Direba aka san shi, kuma ba zai iya zama a bakin titi ana nuna shi ana cewa ga wanda ƙafarsa ta mutu ya kusa kashe mutane ba. Ya ce in aka ce mota ce ta tsufa, ba wanda zai yi mamaki. Yana maganar yana kallon ruwan robar.

"Ka ce ka kasa," in ji shi. "Ka ce birkinta ya fi ƙarfinka."

Na tuna allon da ke saman rumfata, na tuna mai tasi. Ban ɓoye wa kaina ba, na tuna su, kuma sai da na yi jim kafin in amsa. Ya lura da jim ɗin. Ya ce in ba zan iya ba, ba komai.

Na ce zan iya.

Asabar, da yamma

Matan sun zo rumfa da hantsi da kwandunansu, mai tumatir a gaba, leɓen ya sace. Baba ya riga su zuwa, ya sa rigarsa mai kyau, yana zaune a bencin mai faci.

Na fito daga ƙarƙashin motar na goge hannu, na ce su yi haƙuri, na yi iya yina, birkin Gwaggo ya gagare ni, kuma ba zan bari a hau ta ba. Mai tumatir ta ce a kai motar wani wuri mana. Baba ya ce in ɗansa ya kasa, ya haƙura, tsohuwa ta gaji, a bar ta ta huta.

Mai faci ya ce to sai a sauke allo a rubuta ana gyaran hon. Aka yi dariya. Baba ma ya yi, har ya fi kowa, ya ƙara da cewa Injiniyan nasa dama tun yana yaro ya fi ƙwarewa a kwancewa. Mai walda bai ɗago daga ƙarfen da yake gogewa ba. Na tsaya a tsakiya ina murmushi har matan suka ɗauki kwandunansu suka nufi tasha.

Da yamma muka tafi gida tare, a ƙafa, a hankali, shi a gaba kamar kullum. Muka wuce famfon unguwa. A bakin lungu ya tsaya kamar zai gyara takalmi, ya ce da safe kafin in zo ya hau motar, ya gwada da ƙafar hagu.

"Shekarun nan duka," ya ce, bai dube ni ba, "ban taɓa taka birki mai kyan wannan ba."